Ranar da Hanan ta lashi bangon kogo

Ina juyowa na ga 'yata Hanan ta manna baki a bango tana lasa.

Hutu muka zo daga Riyad, babanta ya kama mana ɗaki a wani otal na Turkiyya da aka sassaƙa cikin dutse, kogo sosai. Babu ƙugin AC, sai sanyi mai laushi da ƙamshin ƙasa, kamar an yayyafa wa tsakar gida ruwa da la'asar.

Watanta takwas a unguwarmu ta Naseem a Riyad, daga kan tayil sai cikin mota. Ko sau ɗaya ba ta san ƙasa ba.

Na sure ta, na kira Umma a Katsina. "Umma, jikarki bango take ci! Ko asibiti za mu?"

Ta yi dariya har da tari. "Ke da kika rarake min bangon bayan randa? Mayar da ita."

Na mayar da ita. Ta kwantar da kumatu jikin dutsen, ta lumshe ido. Ni ma na jingina, sai ga ni a ɗakin Umma na ƙasa, wanda aka rushe tun ina sakandare.

Ku fa, wane ƙamshi ne yake mayar da ku gida?