Ranar da Na Kira Sunan Ɗiyata ta Fari

Shekaru da yawa baya, lokacin da soja suka rufe boda, muna zaune a Illela a wani gida mai bishiyar dogon yaro jikin katanga. Rabin rassan a gidanmu, rabi a gidan maƙwabcinmu, wasu kuma sun sauko sun lulluɓe rufin ɗakina. Kurciyoyi sun mayar da bishiyar gidansu. Ni dai ba su taɓa damuna ba, in ban da ɗan geron da suke tsinta idan na yi shanya.

Maƙwabcin nan ya daɗe yana aiki a kudu. Da ya dawo, ya zo da bindigar harbin tsuntsaye, irin mai iskar nan da ake karyawa a saka mata ɗan harsashin dalma. Ba ta da ƙara. Sai dai ku ji ƙwas in ya karya ta, can kuma tas, kurciya ta faɗo. Wani lokacin a tsakar gidanmu take faɗowa tana fuffuka.

Tausayin tsuntsayen na fara ji. Tsoro ya zo ne ranar da na tsinci dalma a kan faifan da na rufe randa. Daga nan kullum in na yi shara sai na samu ɗaya ko biyu, in jefa su cikin gwangwanin madara. Na hana yara wasa a gindin bishiyar.

Na gaya wa maigidana. Ya ce, "Maƙwabci ne, ki yi haƙuri. In na dawo zan same shi." Ya tafi Ƙonni ta Nijar sayen dabbobi, kuma da yake boda a rufe take, ta daji ake bi, sai ya yi kwanaki. Na yi wa matar maƙwabcin magana ta kan katanga, ta ce, "Yo ni mi zan ce mai? Ya fi son bindigar nan da ni." Har wasiƙa na rubuta wa maƙwabcin, don na fara zuwa ajin yaƙi da jahilci. Kwana uku ina fama da layi huɗu. Da na gama na karanta, sai na ga gaisuwa ce kawai da tambayar lafiyar iyali, ko kalmar bindiga ban iya sakawa ba. Na ninke ta na cusa ƙarƙashin katifa.

Sai na ɗan yi muku bayani, don yaran yanzu ba lalle su gane ba. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Kunya ce. Ba ta goya shi gaban mutane, ba ta yabonsa. Ɗiyata ta fari tana da shekara tara, ban taɓa furta sunanta ba. "Ke" nake ce mata. Surukata, wadda muke zaune tare, ta riƙe wannan al'ada sosai, har tana yabona wurin ƙawayenta.

Ran nan da hantsi na wanke gero na shanya a kan rufi. Bayan azahar na ce, "Ke, hau ki kwaso geron nan." Na ɗauka maƙwabcin yana barcin rana, don bai saba harbi a lokacin ba. Ta ɗauki ƙwarya ta hau tsani, ta shige cikin ganye, kurciyoyi suka tashi fir suka koma rassan da ke saman kanta.

Ina cikin tankaɗe na ji ƙwas.

Na ɗaga kai. Ga bakin bindiga ya leƙo ta saman katanga, yana bin inda ganye ke motsi. Daga wajensa ba ya ganin rufin, motsin kawai yake gani. Motsin nan kuwa ɗiyata ce, ta durƙusa tana tara gero tana 'yar waƙarta.

Na ce, "Ke!" Na sake cewa, "Ke! Ke!" Ba ta waiwayo ba. A gida mai yara mata uku da akuya, "ke" ba ta kowa ba ce.

Ban san lokacin da sunan ya fito daga bakina ba. Na ƙwala shi da ƙarfin da ban san ina da shi ba, har kaji suka watse. Ta zabura ta juyo gaba ɗaya, ƙwaryar na hannunta. Tas. Na ga gero yana tsiyaya ta gefen ƙwaryar, siriri, kamar ruwa.

Ban tuna hawan tsanin ba. Na dai gan ni a sama ina laluba kanta da wuyanta da idanunta, ina neman jini. Babu. Ita kuwa ba ta ma san an yi harbi ba. Kallona kawai take yi, ta ce, "Inna, ashe kin san sunana?"

Daga bayan katanga na ji muryar maƙwabcin: "Mi ya faru? Akwai mutum a sama? Innalillahi! Ku yi min magana!"

Surukata ce ta amsa. Ta ce, "In kana da ƙafafu, zagayo zaure."

Ya zo ko takalmi babu. Ni da ban taɓa haɗa ido da shi ba, na tsaya bayan ƙofa na miƙa masa ƙwaryar, sannan na juye gwangwanin madarar a gabansa. Dalma ta watsu a ƙasa. Na so in yi magana mai zafi, amma abin da na iya cewa shi ne, "Malam, duk a gidana na tsince su." Ya sa yatsa a hujin ƙwaryar, ya zauna daɓas a ƙasa, ya rufe fuska da hula.

Kafin la'asar ya kawo bindigar cikin buhu ya ajiye wa surukata. Ita kuma ta mayar da ita abin tokare ƙofar akurkin kaji, har ta yi tsatsa.

Na yi zaton surukata za ta yi min faɗan sunan. Da muka zauna ta ce, "Yau dai unguwa duk ta ji rashin kunyarki." Sai ta goge ido da bakin zane, ta ce, "Da kin tsaya kunya, da ni zan kira shi, kuma muryata ba ta kai rufi."

Har yau in na ji wani abu ya yi ƙwas, ko da kara aka taka, sai gabana ya faɗi in ɗaga kai sama. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne waɗannan "ke" ukun da na ɓata, da wasiƙar da na bari ƙarƙashin katifa. Haƙurina na lokacin, rabinsa tsoro ne.

Ɗiyar nan yanzu tana da jikoki. Ƙwaryar tana ɗakinta, ta hana a ɗinke hujin. Na taɓa tambayarta ko tana tuna bindigar, ta ce ko kaɗan. Ta ce ita dai abin da take tunawa, ranar ce ta fara jin sunanta a bakina, kuma ta so a ce na sake kira.

Na kira ta a take. Muka kau da kai mu biyu, kowa na jin kunya.