Minti Goman da Gaisuwa ta Cinye

Wata uku muka yi muna taro a wani shago a Ƙofar Marke kafin manyan dillalan shanu da mahauta da masu fata su yarda su haɗa baki. Buƙatarmu guda ce, gwamnatin jiha ta rage shingayen karɓar haraji a hanyar kara, kasuwar shanu. Ni ne sakatare, ni na rubuta takardar koken, har na haddace ta.

Kwamishina ya ba mu minti goma, muka shiga, ni da mutum goma sha biyu. Shugabanmu, wani dattijon dillali, ya fara: "Ranka ya daɗe, an tashi lafiya? Ina gajiya? Yaya iyali? Yaya zafi?" Da ya gama, shugaban mahauta ya ga bai dace a gaishe da babban mutum a madadinsa ba, sai ya ɗauko daga farko, sauran ma suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya. Ina ɗaga takarda, ana danne mini hannu.

Mutum na tara yana cikin "yaya haƙuri da jama'a" kwamishina ya dubi agogo, ya yi mana godiya, ya tashi.

A waje na kama faɗa. Shugaba ya ce, "Malam, mi ya yi zafi? Ai yanzu ya san mu."

Ukun da ba su samu gaisawa ba suka dage sai an nemi wani zama. An nema, an samu. Shingayen suna nan har yau, amma kowa ya gaisa.