Tuwon Gidan Surukai

Tun da aka ce maigidana yana da ciwon suga na zama 'yar sanda a gidana. Na kori sukari, na rage masa shinkafa, na dinga cika masa kwano da zogale da wake har ya ce shi fa ba akuya ba ne. A asibiti a Kazaure wata ma'aikaciyar jinya ta ja mini kunne: ƙwayar da yake sha da safe, kada ya sha ta ya zauna da yunwa, don sugan kan faɗi warwas. In na ga gumi da rawar jiki, in ba shi abu mai zaƙi nan take, muddin yana iya haɗiya.

Da damina aka yi wa ƙanena haihuwa a Gwiwa, muka hau babur zuwa suna. Ya sha ƙwayarsa, ya kurɓi koko kaɗan, wai kada hadari ya tare mu a hanya. Ban damu ba, gidan suna ai ba a yunwa. Sai dai gidan ubana ne, kuma a wajenmu suruki ba ya buɗe baki ya ci abinci a gaban uban matarsa. Maigidana kuwa kunyarsa ta fi ta kowa.

Na shige cikin mata, shi ya zauna a zaure da Baffa, mahaifina. Aka kai masa waina, ta dawo. Aka kai tuwo da naman suna, ya ce alhamdulillahi, a ƙoshe yake. Ni ina can ina ta guɗa, ban sani ba.

Bayan azahar yayata ta shigo a guje ta ce in zo, mijina yana surutai. Ban san lokacin da na ratsa maza ba. Na same shi jingine da bango, riga sharkaf da gumi, hannu yana karkarwa, yana kallona kamar bai taɓa ganina ba. Wani yana tofa masa addu'a, wani yana cewa iska ce. Ga kwanon tuwo a gefensa, ko taɓa shi bai yi ba. Wallahi na ga mutuwa a fuskarsa, na ga kaina cikin takaba.

Na ce a kawo sukari da ruwa.

"Ke, kina da hankali kuwa?" in ji Baffa. "Mai ciwon suga za ki ɗura wa sukari? Kashe shi za ki yi?"

Tun da nake ban taɓa mayar wa Baffa magana ba. Na ce, "Baffa, ka yi haƙuri, yunwa ce. Ban da ɗan koko, tun safe bai ci komai ba saboda kai."

Aka kawo, na dama, na tallafo kansa a gaban ubana da dattawan unguwa, ina ba shi kaɗan-kaɗan, ina tsoron kada ya shaƙe, ina tsoron kada Baffa ne mai gaskiya. Can sai ya ja dogon numfashi, idonsa ya dawo. Da ya gane inda yake, sai ya fara laluben hularsa. Na tura masa tuwo gaba na ce ko ya ci ko in yi ihu.

Har yau in ya yi nisa da gida gabana faɗuwa yake, sai na cusa masa dabino a aljihu. Baffa bai sake ta da zancen ba. Amma duk ranar da muka je Gwiwa, da zarar an ajiye kwano a zaure, sai ya dogara sandarsa ya fita, wai zai dubo gona. Ba ya zuwa ko'ina. Na sha hango shi tsaye a bayan katanga cikin rana, da ciwon gwiwarsa, yana jira a fito da kwanon ya ga ko an ci.