Ango Bai Kai Ƙirji Ƙasa Ba

A rumfar mai tuwon amala a tashar Ibadan, talabijin na nuna wani wasan barkwanci na ma'aikatan ofis, yau bikin akawunsu. Wani dattijo mai kaurin wuya yana kallo, loma ta bushe a hannunsa. Da ganinsa ka san uban 'ya mace ne. A cikin wasan, ango ya zo gaban suruki, maimakon ya kwanta rub da ciki kamar yadda al'adar Yarabawa take, sai ya ɗan rusuna don kada kwat ɗinsa ta ɓaci. Kowa na dariya. Dattijon ya damƙi wuyan direban da ke gefensa, ya buga masa kai da tebur, jini ya gauraya da miya.

"Baba, wasa ne fa," in ji mai abinci.

Dattijon ya saki direban. "Wasa? Bikin 'yata ma a waya aka nuna mini."