Sun Amsa Maka “Da Sauƙi”

Inna lillahi wa inna ilaihi raji’un. Ranar Talata, 13 ga watan Mayu 2025, Allah ya karɓi ran ƙanena, Dokta Abdulaziz Mai Nasara, a gidanmu na Tasawa.

Abdulaziz, kai ka dawo daga karatun waje ka ɗaura wa matan garin Maijirgi ƴan na’urori a wuyan hannu suna lugude, mata uku a turmi ɗaya. Aka yi ta dariya, wai dokta ya zo koyon daka. Ka zaunar da ni gaban ordinatarka, wato kwamfutarka, ka nuna mini hannun da ka ƙera da lissafi, yana ɗaga taɓarya. Ka ce, “Yaya, kafin hannu ya motsa, ƙwaƙwalwa ta riga ta hango inda zai sauka. Shi ya sa taɓarensu ba sa karo.” Ba ka bar garin ba sai da ka gyara masu rijiya.

Sai ciwon jijiyoyi ya kama ka. Ya ɗauke hannu, ya ɗauke ƙafa, ya ɗauke harshe, ya bar maka hankalinka garau. Kafin maganarka ta ɗauke ka gaya mini, “Kullum ina aika saƙo, ɗan aiken ba ya isa.”

Abokan aikinka suka aiko da na’urar da za ka riƙa rubutu da ƙwayar ido. Kawu Namadi, babban gidanmu, ya ce ba za a mai da ɗan Mai Nasara abin kallo ba, yawu na zuba, baƙi na gani. Aka kai ka ɗakin baya. Na zo daga Mayahi na yi magana, aka ce mini matar aure ba ta da ta cewa a gidan ubanta. Duk wanda ya leƙo ya ce “Ya jiki?” sai wani ya amsa maka, “Da sauƙi.” Kana ji. A gabanka suka yi shawarar gonarka. Wannan suka kira rufin asiri. Har ka cika, na’urar na cikin kwalinta, ba wanda ya san abin da ka so ka faɗa wa ƴarka Shamsiyya.

Allah ya jiƙanka, ya yalwata maka kabarinka, ya sa ciwon ya zama kaffara. Raihana, matarsa, ke da kika riƙa karanta idonsa, Allah ya saka maki, ya raya Shamsiyya. Kawu, ina yi maka ta’aziyya kamar yadda aka koya mini. Haƙurin da kake cewa in yi, ina roƙon Allah ya ba ni, don har yau ban same shi ba.

Yayarka,
Furera Mai Nasara