Gwaggo Ladi da Gidan Mai Inji

Ku da kuka san Gwaggo Ladi, ƙanwar babanmu, kun san ba ta sayen abu sai ta kushe shi. Ko kaza ce, sai ta ɗaga ta, ta taɓe baki: "Wannan ai mura take yi." Kaza kuwa lafiyarta ƙalau!

To, a jikin katangarta, a ƙauyenmu na wajen Makoda, akwai wani gidan haya. Mai shi, Alhaji Sule, ya koma Rijiyar Zaki, ya bar Tanko mai injin niƙa a ciki. Wuni ake inji na ruri, ruwan kwatarsu kuma yana cin gindin ɗakin Gwaggo. Da damina ta kankama, bango ya tsage har hannu na shiga.

Ta ce min, "Hadiza, ɗauko mayafinki. Gidan nan zan saya kafin ya binne ni."

Ta sayar da shanun da ta tara da ribar ƙuli-ƙuli, muka hau bas. Muna zama a falon Alhaji, Gwaggo ta kama aikinta: "Alhaji, gida ne wannan ko kango? Gara ta cinye azara. Ɓerayen ciki har gaishe da mutum suke yi!"

Kunya ta kama Alhaji. Ya ce, "Wallahi kin kyauta da kika faɗa min. Gobe zan tura a gyara."

Aka zo aka shafa wa ƙofa fenti, aka tafi. Kwata tana nan.

Na ce, "Gwaggo, kin ga abin da kushe ya ja miki?"

"Rufe min baki, 'yar nema!"

Da muka koma sai ta sake salo. "Gida mai albarka, Alhaji! Ga iska, ga inuwa, ga rijiya."

Alhaji ya gyara zama. "Ashe haka yake? To ai irin wannan ba a sayarwa."

Kai, ranar ko ruwa ba ta sha ba har muka iso gida!

Daga nan ta daina zancen gida ɗungurungum. Duk Juma'a sai ta je ta baje a ɗakin Hajiya, matar Alhaji. Ta ci tuwo ta suɗe hannu, sannan ta ce, "Daddawar nan ta bara ce? Labulen nan kuma gado kika ci?" Ana haka rannan Hajiya ta tare mijinta a gabanmu: "Alhaji, don girman Allah ka sayar mata, ko ni in koma gidan injin!"

Aka yi ciniki a gaban mai unguwa. Duk mun ɗauka Tanko zai kwashe kayansa. Ina! Kwata kawai ta sa ya karkatar.

"Injin fa, Gwaggo?" in ji Tanko.

"In na kore ka, wa zai niƙa min gyaɗa kyauta?"

Na ce, "To ƙarar da ke hana ki sakat fa?"

"Da can ƙarar Alhaji ce. Yanzu tawa ce, daɗi gare ta."

Ranar da ta rasu, Tanko ya dawo daga maƙabarta yana share hawaye da hula. Nan yake gaya mana, shekarar da matarsa ta kwanta jinya ya kai wa Gwaggo kuɗin haya, ta koro shi da muciya, ta ce in ya faɗa wa wani ba ta yafe ba.

Allah Ya jiƙan Gwaggo Ladi, Ya yalwata mata makwanci, Ya ba ta maƙwabta nagari a Aljanna. Amin.