Jarkar Waken Inna

A gidanmu na Toranke, da kaka ta yi, Inna takan shanya wake ya bushe ƙayau, ta gauraya da toka da barkono, ta ɗura a jarka ta liƙe murfin. Duk wanda ya taɓa sai ya sha faɗa.

Wata damina ruwa ya cinye hanyar kasuwar Ajingi, hatsinmu kuma ya ƙare. Ta buɗe jarkar muka yi ta atishawa, amma ko ƙwaya ɗaya ƙwari ba su huda ba. Faten wake da alale suka riƙe mu har gero ya nuna.

Yau ’ya’yana dariyar jarkata suke yi. Su yi ta yi, ai ba su san yunwar damina ba.